Tekun da ke Jikin Labule

Zuwa ga Autar gidanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya ƙagu a amsa masa ya wuce ga magana. Ya aiki, ya ɗalibanki masu koyon tuƙi, har yanzu dai ba su jefa ki a rami ba? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da take gaishe ni kowace safiya.

Auta, nemi wuri ki zauna. Asibiti sun ba Antinki hutu! Hutu na gaske, ba irin wanda ake aikowa washegari a ce wata na naƙuda ta dawo ba. Sun samo wata ungozomar da za ta riƙe mata ɗakin haihuwa nan da wata biyu. In ta tafi a lokacin shi ke nan, in kuwa ya wuce, Allah kaɗai ya san ranar da za ta sake samu. Sa'ad da ta shigo shago da labarin ina tsakiyar ɗaukar wani ango da amaryarsa, na manta da su a tsaye suna murmushi har haƙoransu suka bushe.

Kin san babban labulen shagona, wanda mutane ke tsayawa a gabansa in ɗauke su hoto: shuɗin ruwa, farin yashi, bishiyoyin kwakwa da suka sunkuyo, jan kwalekwale, da ɗan farin gida mai baranda a kan tudu. Maigidana da na gaji shagon a hannunsa ya rantse mini cewa ba ƙirƙira ba ce. Mai zanen zama ya yi a wurin ya zana, kuma wurin yana gaɓar tekun nan da kike zaune. A gaban labulen nan aka ɗauke mu hoton aure, kuma ranar na ce wa Antinki wata rana sai na kai ta ainihin wurin, ta kwana a farin gidan nan. Rabin mutanen garin nan sun je teku a shagona, amma ni da ita ko ƙamshinsa ba mu taɓa ji ba.

Ga hoton labulen na sa miki a ciki. Ke ce mai mota, ke ce a bakin ruwa. Ki nemo mana shi, ki kama mana ɗaki a farin gidan. Wallahi tun jiya waƙa nake yi a ɗakin wanke hoto, maƙwabcina mai aski har leƙowa ya yi ya ga ko lafiya.

Yayanki

*

Yayana na kaina,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, rami kuma sau ɗaya ne kawai muka leƙa. Ka riƙa shafa wa gwiwar nan magani, ka daina tsugunawa kana gyara wa mutane takalmi kafin ka ɗauke su.

Da na karanta takardarka ihu na yi a ofis, har mai makarantarmu ya fito da gudu ya zaci an daki mota. Anti da hutu! Ku biyu a gaban ruwa! Na liƙa hoton a gaban motata kusa da sitiyari, kuma duk ɗalibin da ya ce yana son koyon tuƙin doguwar hanya, bakin teku muke nufa. Su suna biyan darasi, ni ina nema muku masauki.

Na fara da babban otal ɗin da kowa yake zancensa. Yaya, ka ga gini! Fari tas, ga wani tafkin wanka da suka gina a gefen teku, ruwa kusa da ruwa, na rasa dalili. Akwai mutanen da aikinsu kawai su taje yashi da safe. Tawul ma naɗe shi suke yi kamar tsuntsu a kan gado. Bishiyoyin kwakwa suna nan birjik, sai dai duk a miƙe suke, babu wadda ta sunkuyo.

A hanyar dawowa wata ɗalibata, matar wani alƙali da take rufe ido in ta ga babbar mota, ta wuce kwanar da za mu shiga. Muka yi ta gangara har kwalta ta ƙare, sai ga mu a wani ƙauyen masunta. Babu farin yashi a nan, baƙaƙen duwatsu ne, ruwan kuma ba shuɗi ba ne, wani irin toka-toka ne mai kore, yana dukan duwatsun yana tashi sama. Ga ƙarnin kifi, ga iska da ta kusa raba ni da ɗankwali. Wata tsohuwa tana da gida mai bene a kan dutsen, rawayan fentinsa duk ya ɓare, tana ba baƙi ɗakunan sama. Ta kawo mana shayi a baranda, in ruwan ya daki dutse sai ka ga shayin yana rawa a kofi. Na zauna na manta da ɗaliba, na manta da kaina. Bai yi kama da labulenka ba ko kusa, na faɗa maka ne kawai don ya tsaya mini a rai.

Zan ci gaba da nema. Ka ce wa Anti ta fara ɗinka kayan shan iska.

Autarku

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Na gode da ɗawainiya, amma kin fara sakin hanya kamar matar alƙalin. Otal mai tawul ɗin tsuntsu ba namu ba ne. Ƙauyen ƙarnin kifi kuwa, haba Auta! Matar da ta shekara ashirin da ɗoriya tana jira, in kai ta inda shayi ba ya zama a kofi?

Na sauke labulen na shimfiɗa shi a ƙasa, na bi shi da gilashin da nake duba fim. Can bayan farin gidan akwai wani abu siriri, ko hasumiya ko sandar tuta. Tagogin gidan kore ne. Kwalekwalen kuma ja ne wur, da farin layi a gefensa, wannan shi ne babbar alama. Ki riƙa tambayar tsofaffi, su suka san wurare.

Na sayi fim mai kyau na adana. Na riga na san inda zan tsayar da Antinki, daidai tsakanin bishiyoyin, kwalekwalen a damanta. Kai, in na tuna sai in ji kamar in rufe shagon yau.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni dai rana ta gasa mini hannun da nake ɗorawa a tagar mota, ɗayan kuma yana nan yadda ka san shi.

Na tambayi tsofaffi, na tambayi samari, na tambayi mai shayi da direbobin tasha. Abin da na gano shi ne, babu wanda bai san wurin ba. Kowa ya karɓi hoton sai ya ce, "A'a, ai nan ne!" ya nuna mini wata hanya daban. Wani ya tura ni inda na sami farin gida mai koren tagogi, ashe ofishin kwastan ne. Wani ya tura ni inda na sami jan kwalekwale da farin layinsa cif, amma a gindin masana'antar siminti yake kife, kaji suna kwana a ciki. Bishiyar kwakwa mai sunkuyo ma na gani, ta sunkuyo ne a kan juji.

Na ga wurare masu kyau, Yaya, wallahi na gani. Akwai wani da ruwansa yake kwance luf, yara suna shiga har ƙugu. Akwai wasu bukkokin katako da ake buɗe ƙofa a taka yashi. Duk inda na je sai in ji daɗi ya kama ni, in ce da Anti tana nan! Sai in kalli hoton in ja mota.

Ga maganar da ta sa na rubuto da sauri. Hutun makarantu ya zo daidai da na Anti, ɗakuna suna ta cika. Bukkokin katakon an kama su duka. Inda ruwa yake kwance saura ɗaki ɗaya, mai kallon wurin ajiye motoci. In muka ƙara jinkiri, Anti za ta yi hutunta a kan kujerar shagonka tana gyara wa amare mayafi. Don Allah ka zaɓi ɗaya a cikin waɗanda ake da su.

Auta

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Antinki ce. Ina rubuto miki daga ɗakin hutawarmu na asibiti, yau mata sun ɗan tausaya mana. Lafiyata ƙalau. Yayanki ma lafiya, sai dai ya koma kwana da tashi a kan labule, yana rarrafe da gilashi a ido.

Takardarki ta ƙarshe ta zo, ya karanta, ya ce ke dai ba ki da haƙuri tun kina yarinya, ya zauna zai rubuta miki ki gwada can wajen arewa. Shi ya sa na ce bari in sa baki.

Auta, jan kwalekwalen nan da kike ƙona mai kina nema, ni na zana shi. Shekarar da muka yi aure fitila ta ƙona labulen a wurin, na yi masa faci da tsohon zanin gado, facin ya fito fili, sai na shafe shi da jan fentin da ya rage na ƙofa. Yayanki ne ya riƙe mini gwangwanin. Da na tuna masa shekaranjiya sai ya ce ai lallai akwai kwalekwale a wurin tun asali, ni dai na maimaita ne. Ba ƙarya yake yi ba, ya kalle shi ne har ya zama gaskiya a wurinsa. Na yi dariya, na kuma ji tausayinsa, don na san saboda ni yake wannan wahala.

Amma bari in gaya miki abin da ban iya gaya masa ba. Ni ba na son zuwa wurin da ke jikin labulen. Ni nake kakkaɓe shi, ni nake ɗinke shi in ɓera ya taɓa. Na san kowane ganye na bishiyoyin nan. Ruwan da bai taɓa motsi ba ya ishe ni kallo.

Takardarki ta farko tana cikin aljihun rigar aikina, na karanta wurin baƙaƙen duwatsun nan har takardar ta yi laushi. Rayuwata duk a ɗaki mai rufaffiyar taga na yi ta, kuma duk ƙarar da na ji, ni ake kira. Ina so in zauna inda abu zai yi ta ruri iya ƙarfinsa, kuma ba ruwansa da ni. Ina so in ga shayin nan yana rawa. Tun da na karanta nake jin kaina kamar yarinyar da za a kai kasuwa karon farko.

Ki je wurin tsohuwar ki kama mana ɗakin sama. Zan gaya masa da bakina. In ya zo, farin cikina ya cika. In ya ƙi, zan zo duk da haka, ko da zan yi kuka a mota, don hutun nan ba zai wuce ni ba.

Antinki

*

Yaya da Anti,

Gaisuwa a gurguje, ina lafiya, kuma murna ta hana ni zama. An kama ɗaki! Tsohuwar ta gane ni tun daga nesa, ta ce, "Mai ɗankwalin da iska ta so!" Ta ba ku ɗakin kusurwa, mai taga biyu, ɗaya tana kallon duwatsu, ɗaya tana kallon inda masunta ke fitowa da safe. Gadon ƙarfe ne mai faɗi, akwai kujeru biyu a baranda, ta ce za ta sa a ɗaure ƙafar ɗayar da take lilo. Ku zo da rigunan sanyi, iskar yamma ba ta wasa. Anti, ki zo da takalmin roba saboda duwatsun.

Tsohuwar ta tambaye ni mutum nawa, na ce mata ta riƙe ɗakin kawai, ko mutum ɗaya ne ya zo ko biyu, ba za a fasa ba.

Kai, ni kamar ni ce zan yi tafiyar!

Auta

*

Auta,

Na sami takardarki. Muna lafiya.

"Ko mutum ɗaya ko biyu, ba za a fasa ba." Na karanta, na gane. Ashe an gama shawara, zuwana da rashinsa duk ɗaya ne. Ni da na ɗauki alkawarin, ni ne na zama ƙarin kaya. Ba komai. Antinki ta yi mini bayani, na ji, ban hana ta ba. Zan raka ta tasha in ɗora mata jaka. Shago ma ba zai yiwu a rufe shi lokacin hutun makarantu ba.

Ki cire hoton daga motarki, kada rana ta cinye shi a banza.

Yayanki

*

Yayana,

Ina gaishe ka, ko da ba ka amsawa. Wannan ce takarda ta biyu tun bayan taka, kuma kullum sai na biya gidan waya a dawo da ni hannu wofi. Ko gwiwar ce ta tashi? Ko fushin ne har yanzu?

Wallahi ba abin da nake nufi ke nan ba. Tsoro na ji kada tsohuwar ta ga ba mu tsayar da magana ba ta ba wani ɗakin, shi ya sa na faɗa mata haka. Yaya za a yi zuwanka da rashinsa su zama ɗaya? Ɗaki mai kujera biyu na kama. Anti ba ta nemi ta tafi ta bar ka ba, ta nemi ta tafi ne kawai, kuma kai take so a gefenta. Ni dai na yi iya nemana, Allah ya sani, wurin da ke labulen ban same shi ba. Wanda na samu yana nan, yana jira, kuma Anti tana son sa tun ba ta gan shi ba.

Wani abin haushin, makon da za ku iso ne ɗalibaina suke gwajin lasisi, ba zan iya tarar ku ba sai ranar Asabar. Motar safe tana sauke mutane a mararrabar da kwalta ta ƙare, tsohuwar za ta tsaya a wurin da laima. Jiya ta aiko tana tambaya matashin kai nawa za ta sa a gado. Ban ba ta amsa ba, Yaya. Kai nake jira.

Autarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Direban motar kifi zai kawo miki wannan, in kin ji ƙarni ki yi haƙuri. Lafiyarmu lau. Na ce lafiyarmu, ki lura.

Takardunki duka sun same ni, na sa su ƙarƙashin kwalbar ruwan wanke hoto na ƙi amsawa. Ranar tafiya na raka Antinki tasha kamar yadda na ce, fuskata a ɗaure, kyamara a wuya don daga can zan wuce ɗaukar wani taro. Na ɗora mata jaka, na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin. Ta zauna kusa da taga da sabon takalmin robarta a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu, ba ta kalle ni ba. Mota ta fara motsi. Ban san lokacin da na bi ta ina dukan ƙofa ba, ni da gwiwar nan. Kwandasta ya ja ni ciki yana faɗa. Ko shago ban kulle ba, sai daga hanya na aika wa mai aski saƙo. Daga ni sai kayan jikina.

Wurin nan naki, Auta, ya fi yadda kika faɗa muni. Fenti ya ɓare, ƙarni har cikin hanci, iska ta hana hulata zama. Da muka sauka na ce a raina, to, ga abin da aka zaɓa. Amma ƙarar! Ba ki gaya mini ana jin ta a ƙirji ba. Na tsaya baki buɗe, ni da na sayar da teku shekara da shekaru.

Da yamma muka gangara inda ɗan yashi yake tsakanin duwatsu. Na ce tunda an zo, bari a yi abin da ya kamata. Na nemi wuri mai haske, na ce wa Antinki, "Tsaya nan. Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ki motsa." Ta dube ni, ta ce, "Yau kam sai na motsa." Ta juya mini baya ta nufi ruwan. Ina kiranta tana ƙara shiga, har ya kai mata gwiwa. Sai ga wata igiyar ruwa ta taso ta zaunar da ita daram, ta rufe ta har kai.

Ban tuna da komai ba. Na faɗa ruwan da gudu ina kiran sunanta, wata igiyar ta kwashe ni ni ma, na sha gishiri na ƙoshi. Da na kamo hannunta na ɗago ta, ashe ba kuka take ba. Dariya take, irin wadda ta hana ta tashi, ɗankwali ya tafi, ruwa yana zuba daga gashinta, tana nuna ni tana cewa, "Kyamararka! Kyamararka!" Masunta suna kan dutse suna tafa mana.

Kyamara ta mutu, Auta. Na buɗe ta a baranda, ruwa ya zubo da yashi, fim ɗin ya zama tsumma. Tsohuwar ta shanya ta a rana don ta kwantar mini da hankali, amma na san aikina. Wandona ma yana kan igiya, yanzu haka na marigayi mijinta ne a jikina, ya tsaya mini a ƙwauri. Ki taho mini da wani ranar Asabar.

Ba ni da hoto ko ɗaya da zan aiko miki. Na zauna in kwatanta miki fuskar Antinki a cikin ruwan nan, na kasa. Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma da na tsaya a tasha da ba zan taɓa gani ba. In na tuna saura ƙiris motar ta wuce, sai in ce Allah ya saka wa kwandastan nan. Ki zo ki gani da idonki kafin hutun ya ƙare.

Zan tsaya a nan. Tana can ƙasa a kan dutse da takalmin robarta, tana ɗago mini hannu in sauko. Ta daɗe tana jirana, Auta. Bari in sauka.

Yayanki